Me ya sa bindigar toka ke fashewa a hannun mai ita, kuma ta yaya ake gane ɗuri ya yi yawa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan sallah a Kazaure ya san lokacin da 'yan bindiga ke isowa. Kafin a hango su an ji su. Ƙara ta tashi, farin hayaƙi ya turnuƙe, warin albarushi ya cika hanci, yara su toshe kunnuwa suna dariya.

Bayan kowane harbi, ɗan bindiga kan dafe gindin bindigarsa a ƙasa, ya zuba albarushi ta bakinta, ya cusa tsumma, sannan ya danna da sandar ɗuri. Aikin ba ya cin minti guda.

Amma a cikin wannan ɗan lokaci yake yanke hukuncin da a wasu ƙasashe sai an haɗa injiniyoyi da na'urori kafin a yanke shi: yawan albarushin da ƙarfen da ke hannunsa zai iya jurewa.

Irin wannan hukunci ne maharbi ke yankewa a gindin duwatsun Roni da rani, da ɗan sintirin da ke gadin dabbobi da dare a ƙauyukan Gwiwa, da manomin Babura da ya gaji bindiga daga mahaifinsa. Idan lissafin ya yi daidai, babu wanda zai tuna da shi. Idan ya kuskure, abin da ke kusa da gindin bututun shi ne hannun hagu da fuska da idanun mai harbin.

Tsohuwar sana'a ce a yankin

Bindigar toka, wadda wasu ke kira adaka ko harba-ka-ruga, ta daɗe a wannan yanki. Turawan fatauci ne suka riƙa sauke irinta a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, har sunan 'yan kasuwar Denmak ya bi ta a Turancin Najeriya. Wasu kuma sun shigo ta hamada daga Tarabulus.

A tsallaken iyakar Babura, Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya yi suna wajen tara dubban bindigogi, kuma a zamaninsa ana haɗa albarushi da ƙera igwa a cikin birnin Zinder.

Daga baya maƙeran gida suka karɓi aikin, kuma har yau yawancin bindigogin toka da ake gani a karkara ƙirar gida ce. Kowace da kaurin ƙarfenta, kowace da faɗin bakinta. Ba a samun biyu da suka zama iri ɗaya sak, saboda haka ɗurin da wata ta ɗauka lafiya yana iya tsaga wata.

Abin da ke faruwa a cikin bututu

Idan wuta ta kama albarushi, yakan rikiɗe ya zama iska mai tsananin zafi wadda ke neman wurin da ya ninka nasa sau ɗaruruwa. Iskar tana tura ko'ina da ƙarfi ɗaya: gaba, baya da gefe. Harsashi ne kawai ke da hanyar gudu, shi ya sa yake fita.

Duk wannan yana faruwa ne a cikin 'yan kaso kaɗan na dubu na daƙiƙa guda. Matsin yakan kai ƙololuwa tun harsashin bai yi nisa da gindin bututu ba, wato daidai inda mai harbi ya kara fuskarsa.

Don a gane girman abin, a ɗauki ma'aunin da mai faci ke auna iskar taya da shi. Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar kimanin fam 32 a kan kowane inci. Iyakar da ƙungiyar masu ƙera makamai ta Amurka, SAAMI, ta sa wa harsashin bindigar farauta mai lamba 12 ita ce fam 11,500. Na harsashin .308 Winchester kuwa fam 62,000 ne, kusan ninki dubu biyu na iskar taya.

Bindigar toka ba ta kai nan, amma ita ma matsinta yana shiga dubbai. Bututun famfo kuwa, wanda wasu ke yin bindiga da shi, an yi shi ne don ruwan da matsinsa bai wuce 'yan ɗaruruwa ba, kuma yana da ɗinkin walda daga wannan kai zuwa wancan.

Abubuwa huɗu ne ke ɗaga matsi: yawan albarushi, irinsa, nauyin abin da aka ɗora a kansa, da kuma wahalar da harsashin ke sha kafin ya fita. Mutane sun fi lura da na farko. Sauran ukun ne suka fi yin ɓarna ba a ankara ba.

Albarushi iri biyu ne

Albarushin da aka yi bindigar toka dominsa shi ne baƙin nan na dā, mai gawayi da farar wuta a cikinsa, mai yawan hayaƙi. Sama da rabinsa ba ya zama iska, toka da hayaƙi yake komawa, don haka ƙarfinsa yana da iyaka.

A 1884 wani masanin haɗa sinadarai ɗan Faransa, Paul Vieille, ya samar da albarushi marar hayaƙi, wanda shi ne a cikin harsasan zamani. Ya fi na dā ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma yana da wata ɗabi'a: matsi na ƙaruwa, saurin ƙonewarsa na ƙaruwa, wanda hakan ke sake ɗaga matsin.

A nan ne haɗari mafi girma yake. Wanda ya fasa harsashin zamani ya juye albarushinsa a bindigar toka, ko ya gauraya shi da na dā don ya ƙara masa kaifi, ya mai da bututun abin fashewa. Ko da ya rage adadin, ba shi da hanyar sanin inda iyakar take.

Launi ba ya raba su, domin albarushin zamani ma yakan zo baƙi ko ruwan toka. Haka nan garin kan ashana da na abin wasan wuta na yara: ba a yi su don tura harsashi ba, tashi suke yi gaba ɗaya lokaci guda.

Shi kansa baƙin albarushin ba ɗaya ba ne. Mai laushi kamar gari ya fi mai tsakuwa-tsakuwa saurin kamawa. Wanda ya sha danshin damina yakan yi sanyi, mai shi ya saba ƙara masa yawa, ranar da ya sayo sabo busasshe kuma ya zuba daidai yadda ya saba.

Ƙara da dukan kafaɗa ba ma'auni ba ne

A al'ada, mai ɗuri yana auna albarushi da tafin hannu, ko murfin kwalba, ko ya duba yatsu nawa sandar ɗuri ta rage a waje. Sannan ya saurari ƙara, ya ji yadda bindigar ta doki kafaɗarsa. Idan ba ta fashe ba, ɗurin ya yi ke nan.

Matsalar ita ce babu ɗaya daga cikin waɗannan alamu da ke faɗin abin da ƙarfe ya sha. Ƙara tana nuna iskar da ta fita ta baki ne. Dukan kafaɗa kuma ya danganta da nauyin harsashi da saurinsa da nauyin bindigar kanta. Ɗuri biyu suna iya dukan kafaɗa daidai da juna alhali ɗaya ya fi ɗaya wahalar da gindin bututu sosai.

Hujjar cewa jiya an yi irin wannan ɗuri ba ta fashe ba ita ma ba ta da ƙarfi. Ƙarfe yana gajiya. Wanda ya taɓa lanƙwasa waya yana miƙar da ita har ta tsinke ya ga yadda abin yake. Kowane ɗuri mai nauyi yana buɗa wata 'yar tsaga da ido ba ya gani, har ranar da ɗuri na yau da kullum zai ƙarasa ta.

Shi ya sa idan bindiga ta fashe ake jin mai ita yana rantsuwa cewa bai ƙara komai ba. Sau da yawa gaskiya yake faɗa. Ɓarnar ta faru ne tun watannin baya.

Darasi daga masu cika harsashi da hannu

A Amurka da wasu ƙasashen Turai doka ta yarda maharba su sake cika kwanson harsashin da suka harba. Suna da sikelin da ke auna ƙwayar albarushi, da littattafan da kamfanoni irin su Hornady da Speer da Lyman ke bugawa bayan gwaji a ɗakin bincike.

Ƙa'idarsu ita ce a fara da kimanin kashi 10 cikin 100 ƙasa da iyakar da littafi ya faɗa, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, kada a wuce iyakar. Idan an sauya irin albarushi ko harsashi ko kwanso, sai a koma farko.

Su ma suna da alamun da suke dubawa: maƙyallin da ke gindin kwanso ya baje, kwanso ya liƙe ya ƙi fita, hannun buɗe bindiga ya yi tauri, ko wani tabo mai sheƙi ya fito a gindin kwanson.

Amma da aka gwada waɗannan alamu da na'urar auna matsi, sai aka ga ba abin dogaro ba ne. Sau da yawa ba sa bayyana sai matsin ya riga ya wuce iyaka. Ganinsu yana nufin a tsaya nan take, amma rashin ganinsu ba shaidar lafiya ba ce.

Idan mai sikeli da littafi da bindigar masana'anta ba zai iya karanta matsi da ido ba, mai tafin hannu da bututun maƙera ya fi shi buƙatar tsayawa nesa da iyaka.

Akwai kuma batun zafi. Albarushin zamani yakan ƙara matsi idan ya ɗumama. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Ingila suke rage albarushi a harsasan da za a kai Afirka da Indiya saboda wannan dalili. Harsashin da ya wuni a rana a watan Afrilu a Babura, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba daidai yake da wanda ya kwana a inuwa ba.

Yadda ake gwadawa a inda ake gwadawa

Turawa ma da jini suka koyi wannan darasi. A ranar 28 ga Fabrairun 1844 wata babbar igwa ta fashe a jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Princeton ana tsakiyar nuna ta ga manyan baƙi. Mutum shida suka mutu, ciki har da sakataren harkokin wajen ƙasar, Abel Upshur, da sakataren sojan ruwa, Thomas Gilmer. An harba igwar lafiya a wannan rana kafin harbin da ya tarwatsa ta.

A Ingila, birnin Birmingham, wanda ya ƙera ɗimbin bindigogi masu araha da aka sayar a Afirka, ya samu gidan gwajin bindiga a 1813. Har yau laifi ne a sayar da bindiga a ƙasar ba tare da hatimin gwaji ba.

A irin wannan gida ana harba bindiga a rufaffen ɗaki, babu kowa kusa, da harsashin da matsinsa ya zarce na yau da kullum da aƙalla kashi 25 cikin 100. Daga nan a auna bututun, a duba ko ya kumbura ko ya tsage, kafin a buga masa hatimi.

Shi kuwa matsin, a dā ana auna shi ne da wani ɗan guntun jan ƙarfe da iskar ke matsewa, a duba yadda ya gajarce. Yanzu na'urar lantarki ce ke zana yadda matsin ya hau ya sauka.

Hukumar ƙasa da ƙasa da ke daidaita wannan gwaji, CIP, an kafa ta a 1914, kuma babu ƙasar Afirka ko ɗaya a cikinta.

Abin da ya yi kama da haka a karkara shi ne a ɗaure sabuwar bindiga a jikin bishiya, a yi mata babban ɗuri, a ja kunamar da igiya daga nesa. Ya fi gwadawa a kafaɗa. Sai dai tunda babu abin auna bututun bayan harbin, gwajin kansa yana iya zama shi ne ya fara tsagar.

Ɗuri a kan ɗuri, da bakin da ya toshe

Ba kullum ba ne yawan albarushi ke zuwa da gangan. Bindiga takan ƙi tashi, mai ita a cikin hayaniya ya ɗauka ta tashi, ya sake ɗurawa a kan na farko.

Bayan yaƙin Gettysburg na 1863 a Amurka, an tsinci bindigogi masu ɗurin baki sama da 27,000 a filin daga. Kusan 24,000 suna ɗure, kuma aƙalla rabinsu ɗuri fiye da ɗaya ne a ciki. Sojojin da aka horar ke nan. Filin hawan sallah, inda bindigogi da dama ke tashi tare, wuri ne da irin wannan kuskure ke da sauƙin faruwa.

Toshewar baki ma tana tsaga bututu. Laka ko yashi idan mutum ya yi tuntuɓe, tsumman da aka toshe bakin da shi aka manta, ko gidan zanzaro a bindigar da ta shafe damina a rataye, duk sun isa.

Haka nan idan harsashi bai sauka ya zauna a kan albarushi ba, aka bar sarari a tsakani. Hakan ya fi faruwa bayan an yi harbi da yawa ba a goge ba, toka ta tsuke bututun, sandar ɗuri ta tsaya a hanya mai ita ya ɗauka ta kai.

Sai abin da ake ɗorawa. Dalma tana da taushi, takan bi bututu. Guntun rodi ko ƙusa ko ƙwayar boris ba sa lanƙwasuwa, suna iya cijewa su karce ƙarfen. Duk ƙarin nauyi a kan albarushi ƙarin matsi ne, ko da ba a ƙara albarushin ba.

Tokar baƙin albarushi kuma tana jan danshi. Bindigar da aka harba aka ajiye ba wanki takan yi tsatsa daga ciki, bayanta na sheƙi da mai, cikinta ya rarake.

Me doka ta ce?

Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Manyan makaman yaƙi sai da izinin shugaban ƙasa. Bindigogin farauta na zamani sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Masu ɗurin baki, irin su bindigar toka, an bar batun lasisinsu a hannun kwamishinan 'yan sandan jiha.

Ƙera bindiga ko gyara ta ma sai da izini. Wannan ya sa yawancin aikin maƙera a ɓoye yake, kuma abin da ake yi a ɓoye babu mai duba ingancinsa. Mai saye ba shi da abin dogaro sai sunan maƙerin.

A nan masu sarautun gargajiya na wannan fanni, irin su Sarkin Bindiga da Sarkin Baka da Sarkin Maƙera, suke da damar da hukuma ba ta da ita. Sun san wanda ke da bindiga, kuma ana jin maganarsu. Duba bindigogi kafin hawa ko kafin fita farauta, da ware waɗanda suka tsufa, abu ne da za su iya yi ba tare da jiran kasafin kuɗi ba.

Abin da mai bindiga zai iya kiyayewa

Tunda ba zai iya ganin matsi ba, abin da ya rage masa shi ne ya rage abubuwan da ke sauyawa.

Ya tsaya a kan ma'auni ɗaya ƙarami da ya sani, ya daina zubawa da tafin hannu, kuma kada ya ɗauki ma'aunin bindigar wani. Kada ya zuba kai tsaye daga gorar albarushi, domin garwashin da ya rage a ciki yana iya kama gorar duka.

Ya yi wa sandar ɗurinsa zane biyu: inda take tsayawa idan bindigar ba komai, da inda take tsayawa da ɗuri ɗaya. Duk lokacin da ta tsaya sama da zane na biyu, kada a harba.

Idan ta ƙi tashi, a bar bakinta yana kallon inda babu kowa aƙalla minti guda, domin wuta takan yi jinkiri ta kama daga baya. Ba a leƙa bakin bindiga, ba a ɗora tafi a kansa lokacin ɗuri.

Ya riƙa shafa bututun da yatsu daga gindi zuwa baki. Kumburi, tsaga, ramin tsatsa, ko hayaƙin da ke fita ta inda ba a yi masa hanya ba, duk suna nufin wa'adin bindigar ya cika. Liƙe tsaga da walda ko naɗe ta da waya ko fata ba ya mayar da ƙarfin da ya tafi.

Ga 'yan bindigar hawa, harbin da babu harsashi ma yana da haɗari. Tsumman da aka danna da ƙarfi don ƙara ta yi yawa yana ɗaga matsi, kuma idan ya fita yana iya raunata wanda ke kusa.

Idan ta riga ta fashe

A danne raunin da tsumma mai tsabta don tsayar da jini, kada a zuba toka ko ƙasa ko baƙin mai. Idan ƙarfe ya shiga ido, kada a murza, kada a yi ƙoƙarin cirewa, a rufe shi a tafi asibiti. Yatsan da ya guntule a naɗe shi a tsumma mai tsabta, a sa a leda a ƙulle, a ɗora ledar a kan ƙanƙara, a tafi da shi. Allurar rigakafin sandarewar jiki wajibi ce.

Da yawa sukan ɓoye irin wannan rauni a gida don tsoron 'yan sanda, har hannu ya ruɓe. Dokar da aka sa wa hannu a 2017 ta wajabta wa kowane asibiti a Najeriya, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi mai raunin bindiga ya fara yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Asibitin ne zai sanar da su daga baya.

Daga babban asibitin Kazaure, raunin da ya yi tsanani akan tura shi Kano, zuwa asibitin ƙashi na Dala ko asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma kowace sa'a da aka ɓata a gida tana rage damar ceto hannun.

Idan irin wannan ta faru, abin da aka fi ji a bakin masu jaje shi ne tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma tsautsayin bindigar toka yawanci yana da mafari da za a iya nunawa da yatsa: wani sabon albarushi da ba a san asalinsa ba, wani ƙarin rabin murfi don a fi abokin hawa ƙara, ko wata damina da bindigar ta yi a rataye ba a wanke ta ba.

Hannun hagun da ke tallafe bututun kuwa, shi ne zai riƙe ƙotar fartanya idan ruwa ya sauka.